Kaskon Wuta

…kuma yana nan inda ya ajiye shi, kaskon. A bakin ƙofar ɗaki, daidai wurin da sai ta tsallake shi kafin ta fita. Ya dawo daga sallar asuba, ya sunkuya ya ajiye, ya saɓa fartanya ya fice. Fartanya, a watan da ko yayyafi ba a yi ba! Wace gona za shi? Gudu dai. Haka mijinta Labbo yake tun da ta san shi: ya ɗora wa mutum kaya a ka, shi ya koma gindin tsamiya yana gyaran ƙota.

Rahmatu tana zaune a kan kifaffen turmi, hannu bisa gwiwa. Hantsi ya ɗaga. Ba ta share tsakar gida ba, ba ta ba awaki dusa ba. Kasko kawai take kallo. Sabo fil, ja, hayaƙi bai taɓa shi ba. Har busasshen kashin shanu ya farfasa ya jera mata a ciki, mutumin da bai san inda muciya take kwana ba a gidan nan…

Ai ta san abin da ake nufi. Duk macen da ta shigo gidan su Labbo ta sani. Su ba sa kunna wutar sabon gida da ƙyastu, balle ashana. Matar gida ce za ta ɗebi garwashi a murhunta na tsohon gida, ta zuba a kasko, ta rufe da kashin shanu da toka, ta riƙe abinta a hannu har inda za a zauna. In ba ta ɗauka ba, to babu gida. Namiji ya kafa bukka, ya yi rumbu, ya yi noma har ya gaji, sunansa dai mai kwana a gona. Haka uwarsa ta ɗauko tata daga Zagga zuwa nan Bahindi, a ƙafa. Tsohuwar har ta koma ga Allah tana nuna wa mutane tabon ƙuna a tafin hannu, kamar wata sarauta aka naɗa mata.

Yanzu ga shi ya zo kanta. Yau. Cindo mai jirgi ya ce da an sauko azahar zai kwance, ruwan gulbi yana ta janyewa, in bai haura yau ba jirgi ba zai wuce yashi ba sai damina ta yi nisa. Lokacin kuwa shuka ta wuce.

Yau… ita da ko wurin ba ta taɓa gani ba.

Wurin ma ba shi da suna. “Can.” Can ɗin dai. A wuce Lafagu, a ƙetare, a saki gulbi a bi wani rafi, har inda aka ce ƙasar Ingilishi ta ƙare ta Faransa ta fara — a’a, yanzu ba a faɗin haka, tun da aka yi kiɗan mulkin kai Nijeriya da Dahome ake cewa. Can ya je ya sare daji da ranin nan, shi da gatarinsa. Ya dawo da ƙasa ƙulle a bakin riga, ya kwance a gabanta. Baƙa, mai laushi, tana ƙanshi kamar an yi ruwan fari. “Shinshina ki ji.” Ta shinshina. To, ƙasa ce mai kyau, ba za ta yi masa ƙarya ba, ita ma ’yar manoma ce, ta san ƙasar da ba a taɓa wahalar da ita ba.

“Rabin gonar na Nijeriya, rabi na Dahome. In na nan sunka zo nema na, in tsallaka wancan gefe. In na can sunka zo, in dawo wanga.” Ya yi dariya har da tari.

Ita ba ta yi ba. Wurin da ba mai iya zuwa ya kama ka, wa zai iya zuwa ya ɗauko ka?

Kuma ba wai ba shi da gaskiya ba. Abin da ke gajiyar da ita ke nan. Da mahaukaci ne da an huta, a kira ’yan’uwa su ɗaure shi. Gonar gado ta tsufa, kowa ya gani. Ƙuduji ya mamaye ta, dawa tana fitowa tsilli-tsilli kamar gashin tsohuwa, bara tun ba a kai ko’ina ba ta fara jin hannunta yana taɓa gindin rumbu. Tuwon dare ya koma na yara, su manya a sha ruwan miya a ce an ƙoshi. Ga malamin daji da ya sa aka zaunar da shi a rana ƙofar fada, don ya sare reshen ɗorawa a gonar ubansa — ɗorawar da kakansa ya bari da hannunsa! Ya dawo ranar bai ci abinci ba, ya zauna yana kallon tafin ƙafarsa. Yau a kira shi gyaran hanya. Gobe ƙidaya. Jibi ’yan jam’iyya sun zo, a fito a tsaya a rana, a ɗaga hannu a faɗi abin da aka ce a faɗa…

Ranar kiɗan nan ma. An kwashi yaran makaranta zuwa Bagudo, babban nata ya dawo ciki cike da shinkafa, hannu riƙe da ’yar tuta kore da fari, yana ta tsalle wai Nasara ya tafi, ƙasa ta zama tamu. Uban ya karɓi tutar ya jujjuya, ya miƙa masa. “Nasara ya tahi, kira bai tahi ba.” Shi ke nan abin da ya ce.

Ga tutar can yanzu. Ƙanwarsa Asma’u ta goya ’yar tsanarta da ita, tana zagaya rumbu tana jijjigawa. Aƙalla ta yi wa wani amfani.

Babban… Bunyaminu, wanda bakinta ba ya faɗin sunansa, ɗan fari. Yana makaranta yanzu haka, bai san ko yau ce ta ƙarshe ba. Ko ya sani? Ya sani mana, yaro ne ba jaki ba. Da safe ya tsallake kaskon nan, ya kalle shi, ya kalle ta, ya ɗauki allonsa na boko ya fita bai sha kunu ba. Shi da ke zama bakin murhu kullum da yamma yana zane a toka da tsinke. “Inna, ga farkon sunanki.” Wani abu mai ciki a sama da ƙafa biyu, ɗaya a miƙe ɗaya ta yi gaba, kamar mai shirin tafiya. Ta ce ya share mata toka kada ya jawo mata aljanu. Da ya fita ta gwada da yatsa. Ya fito, a karkace dai, amma ya fito.

Can me zai zana? Wa zai nuna masa na gaba? Korar tsuntsu a shinkafa, kiwon awaki, ya girma ya zama ubansa, ya iya gatari. Laifi ne? Ubansa mutumin banza ne? A’a. To mene ne? Ita dai… ba ta sani ba. Ko a bar shi wurin malaminsu? A raba ’ya’ya kamar ana raba ’yan kaji, wannan nan, wannan can? Uban ma ya ce ba ya barin ko ɗaya. “Na bar guda a garin nan, ya isa.”

Guda ɗin yana bayan ɗaki.

Kada ki juya, Rahmatu. Kin san yana nan, gindin zogale, inda kike sa ƙaya don awaki. Manu. Bai daɗe da barin nono ba, ya fara kiran akuya da sunan kowa, kowa akuya ne a wurinsa har liman. Baƙon dauro ya shigo unguwa da bazara irin wannan, ya bi gida-gida. Ido ya yi ja, jiki kamar tukunya a kan wuta, ƙurajen suka ƙi fitowa waje suka koma ciki. An jiƙa, an shafa, an turara, an tofa. Mai allura yana Bagudo, aka ce ya tafi rangadi. To ina amfanin garin? Labbo ne ya tambaye ta wannan. Kina cikin mutane tsundum, danga na jingine da danga, ɗa ya mutu a cinyarki mutane na kallo. Abin da suka iya shi ne su cika gida da salati, su kawo kunu. A daji ma ai ana mutuwa haka, ba tare da an taka maka shuka a tsakar gida ba.

In sun tafi, wanda ya gaji gidan nan zai kafa turken akuya a wurin. Ba mugunta ba, inuwa ce mai kyau. Wa zai gaya masa?

Kuma Labbo ya san ta inda ciwon ya shigo. Ita ma ta sani, ba ta dai taɓa faɗa ba. Ta ƙofar nan. A bayan Gwaggo Sabuwa, maƙwabciyarsu ta gabas, da ta shigo ɗibar wuta da safe goye da jikanta, yaron ya lafe a baya yana numfashi da baki. Ta tsuguna bakin murhu tana tona toka, tana ba da labarin wata rigima a bakin rijiya, Manu ya tako ya kama ƙafar goyon yana cewa akuya, akuya. Jikan ya tashi. Ga shi can yanzu yana hawan katangar masallaci. Nata ne bai tashi ba.

“Kin gani? Wuta ta zo ɗiba, ta bar muna tata. Can ba mai shigo miki gida da sahe.”

Ba mai shigo miki gida da safe…

Shi yana faɗin haka kamar albishir. Namiji! Shi a ganinsa ɗibar wuta, wuta ce ake ɗiba. Bai san ba a unguwar nan babu murhun da ke kwana da rai kullum. Yau taki ta mutu, ki ɗauki tsingaro ki leƙa gidan gabas. Gobe tasu ta mutu, su leƙo. Wutar da ke murhun nan, wa ya san ta wace ce? Ta fita ta shiga gidan Sabuwa, ta wuce gidan liman, ta zagaya ta bayan masu saƙa, ta dawo mata bayan sati kamar ba ita ba. A nan ake ganin wadda idonta ya kumbura. A nan ake ganin tukunyar da aka ɗora da ruwa zalla don kada yara su gane, a koma gida a aiko da ƙullin gari ba a ce komai ba.

Kuma wa ya fasa danga ranar haihuwar Asma’u?

Damina ce, yana gona tun duku-duku, yaran suna wurin kakarsu. Ta tashi za ta hura wuta sai abin ya zo gaba ɗaya, ba sallama. Ta durƙusa a ɗaka. Yarinya ta faɗo, mabiyiya ta ƙi, jini yana ta zuwa, yana ta zuwa, tana jin ɗuminsa har gwiwa. Ta buɗe baki ta yi kira, abin da ya fito ko kaza ba zai firgita ba. Rufin ɗaki ya fara nisa. Ta ce shi ke nan, ashe haka ake tafiya, ba wani wuya… sai ƙarar karare na kakkaryewa, sai ga Sabuwa tsaye a kanta, zani a ɗage, ƙaya a gashi, tana zagi. Zagi! “’Yar banza, mutuwa za ki yi ba ki gaya ma kowa ba?” Ta danna mata ciki da hannun nan nata kamar na maƙeri, ta ɗura mata abu mai ɗaci, ta kwarara ihu mata suka cika gida.

Daga baya, tana gasa mata jiki, ta tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce, “Hayaƙi na duba. Hantsi ya yi, gidan kowa na hayaƙi, naki shiru.”

Mace guda. Bayanta ya kawo abin da ya ɗauke Manu, idonta ya tsare Asma’u ba ta tashi marainiya ba. To a auna da me? Wane mudu ne zai ɗauki wannan? Ta auna, ta sake aunawa, dare da rana tun da ya kwance ƙasar nan a gabanta, kanta har ya yi tsami. Ta ɗaure tasoshi jiya da yamma. Ta kwance. Ta sake ɗaurewa. Suna nan a ɗaka rabi a ɗaure, kamar ita.

Ga shi ba sa ma magana da Sabuwar. Tun ranar da tsohuwar ta tsaya bakin rijiya, guga a hannu, ta ɗaga murya don kowa ya ji: wai Labbo zai kwashi ɗiyan mutane ya kai wa kura, wai macen da ta bi shi ba ta da uwa a garin nan. Maganar Manu ta taso wa Rahmatu har maƙogwaro, ta ji ɗacinta a harshe. Ta haɗiye. Abin da ta ce kawai: “Gwaggo, ki riƙe wutarki, in riƙe tawa.” A unguwar nan zagin uwa ya fi wannan sauƙi.

Tun ranar kuwa ta riƙe. Ba ta leƙa gidan kowa ba. Kullum dare ta binne gungumen kirya a toka, ta tashi tsakiyar barci ta duba, da asuba ta tone ta hura. Ashe ana iyawa. Ta ce wa ranta, to ga shi, haka can ɗin zai zama, ke da wutarki, ba roƙo ba godiya, ba mai ƙirga miki cokalin miya da ido, ba mai kai labarin tukunyarki bakin rijiya. Har da wani daɗi-daɗi a ciki, ba za ta ɓoye ba. Shiru yana da daɗi. Ita ma ta gaji da mutane, wallahi ta gaji, ba shi kaɗai ba. Ta gaji da gaisuwa. Ta gaji da “ya muka ji da haƙuri” daga bakin waɗanda nasu ke gudu a tsakar gida.

Amma kwana nawa ne wannan? Kuma da lafiyarta.

Hannunta ya sauka kan mara, ta janye shi da sauri kamar wani na kallo. Wata ya wuce, wani ya bi shi, wani ma ya bi. Ba ta gaya masa ba. Yaya ake gaya wa namiji wannan, da wane baki? Su gane da kansu in zani ya fara ɗagewa. Shi kuwa idonsa na can, ko ta haihu a gabansa sai ya tambaya ko an ga gatarinsa. In lissafinta daidai ne, da kaka zai zo. Lokacin da yake gona tun duku-duku. Ita da bukka, da rafi, da Asma’u da ba ta iya ɗaura zani ba. In mabiyiya ta sake ƙi? An ce wadda ta taɓa yi takan sake.

Ya ce akwai rugar Fulani ba nisa. Ba nisa a bakin Labbo! Bagudo ma ba nisa ce a wurinsa. Fulanin da ke tashi da ruwan fari su bi shanunsu. Ya ce akwai masunta Dendawa a bakin rafi, mutanen kirki, suna ba shi kifi. Ita ba ta jin Dendanci, ko “wayyo” ba ta san yadda suke faɗa ba. Kuma ta ga mutanen tungayen can a kasuwa, tsofaffinsu, yaro na jan su da sanda, ido fari fat, fatar ƙwauri kamar ta kada. An ce wani ɗan ƙuda ne a bakin ruwa ke jawo haka. Ta gaya masa. Ya ce makafi har a Makka akwai su.

To ta ƙi mana. Ai ya ba ta wuƙa da nama… a’a, bai ba ta komai ba, kasko ya ba ta. “Ni ba ni tilasta miki. In kin ɗauka, mu tai. In ba ki ɗauka ba, in tai ni ɗai, in dawo da kaka in da rai.” In da rai. Shi kaɗai a dajin da dorina ke fitowa kiwo, mutumin da zazzaɓi ke kayarwa duk damina har sai an danne shi da bargo, wanda bai iya dama ko kunu ba. Wa zai ba shi ruwa? Zai kwanta a bukka, dawa ta nuna tsuntsu ya cinye, sai Cindo ya zo da rani ya tarar da… kai, a’uzubillahi. Su kuma nan su ci me kafin kaka? Gindin rumbu? Gonar gado wa zai noma ta, ita da ciki, ko yaron ya ajiye allo ya ɗauki fartanya? Ka ga an dawo wurin. Ko ta ɗauka ko ta bari, allon nan dai sai ya faɗi.

In ta ƙi, kuma ya je ya dawo lafiya da dawa jirgi guda, zai zauna a gidan nan yana kallonta har su tsufa, kallon macen da ta hana shi zama mutum. Tungar Labbo. Ta ji shi yana gwada sunan a bayan gida, a hankali, shi kaɗai, yana tsammanin ba mai ji. Mutum mai furfura a gemu yana gwada suna kamar yaro da sabuwar riga. Ta so ta yi dariya, sai ta ji hawaye. Tun da aka zaunar da shi a rana ba ta ƙara jin muryarsa haka ba.

In ta ɗauka kuma, wani abu ya sami ɗayan yaran can, ba wanda zai ce Labbo. Wa ta riƙe kaskon? Da hannun wa aka kai wutar? Ashe dabarar ke nan. Kakannin nan nasu ba wawaye ba ne. Su yanke shawara a gindin tsamiya, su sare dajin, su yi jinga da mai jirgi, sa’an nan su ajiye wa mace kasko su ce ke kika zaɓa. Tsohuwar da ke nuna tabonta… yanzu ta gane. Ba alfahari take ba. Shaida take kafawa.

“Inna, yunwa.”

Asma’u ce, tsaye a gabanta, ’yar tsana a baya, baki duk ƙasa. Rana ta kusa tsakiya. Subhanallahi, yaushe? Inuwar rumbu ta shige ƙarƙashinsa. Ba kunu, ba ɗumame, yarinya tun safe ba ta sa komai a ciki ba, uwarta na zaune kan turmi tana shari’a da matattu.

Ta miƙe, gwiwa na ƙara. Murhu. Ta tsuguna ta tona toka da tsinke. Ta ƙara tonawa. Ta sa yatsa. Ta tura hannu duka har gindin gungumen.

Sanyi.

Ta mutu. Da asuba tana da rai, ta gani da idonta, ja kamar idon zakara, ta ce bari ta ɗauko kara, sai ta yi karo da kasko a bakin ƙofa… shi ke nan. Safiya guda. Ba ciwo, ba naƙuda, ba jini, tunani kawai, kuma ga ta a gaban murhu mai sanyi da yarinya mai jin yunwa. Ita ce mai riƙe wutarta. Ita ce za ta riƙe ta damina guda a daji da itace jiƙaƙƙe, da ciki, da jariri. Ƙyastu yana aljihunsa, shi yana gindin tsamiya. Can ma haka zai zama, yana aljihunsa, shi yana wancan gefen, a Dahome.

Ko garwashin da za ta ɗauka ma babu. Ta ji wata dariya mara daɗi tana taso mata. Ya ajiye kasko, ya jera kashin shanu, ga mai jirgi na jira, wutar gidan kuwa ta riga kowa tafiya.

Karan danga ya motsa ta gabas.

“Ke, Ramatu.”

Ba ta ɗaga kai ba.

“Ke nika kira, mai wutar kanta. Lahiya? Tun sahe nika duba, ban ga hayaƙin gidanga ba.”

Tun safe take dubawa. Duk kwanakin nan da ba sa magana, ashe kullum tana… tsohuwar banza, mai bakin tsiya, kullum da safe sai ta ɗaga kai ta duba.

“Lafiya lau, Gwaggo.”

“Ƙarya kike. Miƙo abu in zuba miki. Ba don halinki ba, don ɗiyar nan da ke tsaye kamar marainiya. Da wanda ke cikinki, da kike tsammanin ba mu da ido.”

Tsingaron ɗibar wuta, ina yake? Ga shi can gindin rumbu, Asma’u ta farfasa shi ta yi wa ’yar tsana tasoshi. Ta waiga. Ƙwarya za ta ƙone. Murfin tukunya yana cikin ɗaurin kaya. Hannun Sabuwa ya riga ya ɓullo ta ɓarakar danga, ta wurin nan da ta fasa tun haihuwar Asma’u ba a taɓa gyara shi da kyau ba, riƙe da guntun faranti cike da garwashi, tana faɗa, yi maza, ƙona ni yake, ke komai naki sai an jira.

Abin da ke kusa ta ɗauka.

Garwashin ya zubo a kan kashin shanun, ya yi ’yar ƙara, ya kama nan da nan. Ai an jera shi da kyau. Hayaƙi ya miƙe siriri, fari, mai warin ruga. Sabuwa ta leƙo da ido ɗaya ta ɓarakar, ta ga kaskon, ta gane shi. Bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu. Hannun ya koma a hankali.

Ga ta tsaye a tsakar gida, kasko a hannu biyu. Murhu yana hagunta, duwatsu uku da toka mai sanyi. Ƙofar gida tana dama, hanyar da ke gangarawa gulbi. Asma’u ta kama mata zani. Daga masallaci ladan yana gyara murya.

Sai takun ƙafa a zaure. Fartanya ta fara shigowa, sa’an nan Labbo. Ya tsaya. Ya ga hayaƙin, ya ga hannunta, fuskar nan da ta daɗe a ɗaure ta fara kwancewa tun daga goshi, kamar ƙasa ta sha ruwan fari…

Ba tawa ba ce, ta Sabuwa ce. Ta buɗe baki za ta faɗa. Ba daga murhuna ba, tawa ta mutu, kunu zan dama wa yarinya. To wacce ce tata? Wacce ta taɓa zama tata, tun ranar da aka kawo ta gidan nan? In wannan ce za a kai can, wutar unguwa ce za a kai inda ba unguwa, ta tashi kowace safiya ta yi hayaƙinta a sama, kyakkyawa, a miƙe, tsuntsaye su gani. Ran da ba ta tashi ba kuma, tsuntsaye su gani.

Gindin kaskon ya fara zafi. Yana shiga tafin hannu, daidai wurin da uwarsa take nuna tabonta. Dole ta ajiye shi, ba a riƙe wannan a tsaye. A wani wuri dai… yanzu… ita kuwa ƙafafun sun yi nauyi, kamar tun Zagga take tafe.